Mainasara da Mai Igiya

A Magarya ta ƙasar Wurno, in ka ce Mainasara mai sallama, ba wanda zai tambaye ka wanne. Dogon mutum ne baƙi mai ƙashin noma, ya ba hamsin baya, kuma tun yana saurayi albasa ta cinye masa farata. Ba ya shiga wuri bai yi sallama ba. Shagon mai taki, rumfar mai shayi, har garken awakin maƙwabta, sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi ta, ya jira a amsa. Abokan wasansa kan ce ko rijiya zai faɗa sai ya yi wa ruwan sallama tukuna. Bai taɓa jin haushinsu ba, don har yau bai ga abin dariya a cikin maganar ba. A gidansa ne kaɗai sallamar take tafiya da ƙafa: yana yi yana shiga, don mai gida ba ya jiran izini a gidan da ya gina.

Abu na biyu da aka san shi da shi, kunyar ɗan fari. Babban ɗansa Bilyaminu ya kai shekara talatin, yana da mata, Mubaraka, da 'ya'ya biyu, amma ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakin uban. “Wanga yaro” yake cewa, in abin ya matsa. In yana son a kai taki fadama, sai ya faɗa wa iska, ko ya faɗa wa ƙaninsa Gajere alhali yaron na tsaye a wurin. Sauran dattawan garin sun daɗe da sassauta wannan al'ada, shi kuwa ya riƙe ta gam kamar gado. Gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kamar yadda shi ma ya zauna ƙarƙashin nasa uban har ranar da aka kai tsohon makwancinsa.

A bara ne, lokacin cirar albasa, Gajere ya same shi a gindin rudun da yake ɗaurawa don ajiyar amfanin. Ya tsuguna, ya yi ta kame-kame, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

“Yaya, yaron ga ya aiko ni. Shina son ka hidda mishi nashi, shi kama noma da kainai. Ya ce in ba a samu ba kahin ruwan shuka, motocin albasa za shi bi zuwa Kurmi, can kudu za shi zamna.”

Mainasara ya dube shi daga sama.

“Mutuwa niy yi?”

“Subhanallahi. Wa yac ce ka mutu?”

“To in ban mutu ba, mi za a raba?”

Ba faɗa yake ba. Tambaya ce ta tsakani da Allah. A iya saninsa, gandu ba ya tsagewa sai da gawar uba ko da baƙin rikici, kuma shi ga shi da ransa, bai kuwa san ranar da suka yi ka-ce-na-ce da yaron ba. Ta yaya ma za ka yi faɗa da wanda ba ka yi wa magana? Ya ce ya ji, ya ci gaba da ɗaurin rudu. Amma hankalinsa ya riga ya bar wurin, kuma bai jima ba ya taka sandar da ba a ɗaure ba, ya zo ƙasa, ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa.

Aka ɗauko maɗori daga Rara, ya ja ƙafar ya jera mata karare ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka sai ya ba shi izini. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure. Mutumin da bai san zama ba, sai ga shi kwance yana kallon azara, zafin bazara na dafa shi. Abin da ya fi ƙafar ciwo shi ne aikin bai tsaya ba. Bilyaminu ya ƙarasa cirar albasa, ya shanya, ya jera a rudu, ya sayar da wadda ba za ta ajiyu ba, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Mainasara ya rasa ko murna zai yi ko baƙin ciki, sai ya yi duka biyun.

Wata rana da hantsi Bilyaminu ya shigo zauren da kwali a hammata. Abokinsa Halliru, mai shagon gem a Wurno inda samari ke buga ƙwallo a talabijin, shi ya ara masa wata tsohuwar na'ura. Ya jona ta da talabijin ɗin gidan da batirin sola, ya zura faifai, ya ajiye madanni kusa da hannun uban. Bai dube shi ba, talabijin ya duba ya ce, “Wanga shina ɗebe kewa.”

Wasan na sanɗa ne, kuma haka samarin Wurno ke kiransa, Sanɗa na Biyu. Wani birni ne mai dogayen katangu da ruwan sama ba ya ɗaukewa a cikinsa, masu gadi na yawo da tocila. Kai ne wani mutum mai furfura a gemu, za ka laɓaɓa ka shiga gidajen manya ka fita ba a gan ka ba. Akwai wani saurayi da ke biye da shi, shi ke riƙe igiya a gindin katanga, ya yi fito in mai gadi ya taho. Mainasara ya raɗa musu suna nan take: Dattijo da Mai igiya.

Tambayarsa ta farko ita ce, “Na biyu? Ina na ɗaya?”

“Halliru bai da shi,” in ji Bilyaminu, idonsa a kan talabijin.

“A gaida ƙane ba a gaida wa ba?”

 Kaltume, matar Mainasara, da ta kawo fura ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Tun da ta haifi yaron nan ba ta taɓa jin uban ya yi masa tambaya ya jira amsa ba. Su biyun ba su lura ba, don a ganinsu ba da juna suke magana ba, da talabijin suke.

Gaskiya ɗaya ce, Mainasara bai iya wasan ba, kuma bai taɓa iyawa ba. Yatsun da suka saba da ƙotar fartanya ba su san danna abu a hankali ba. Ga kuma halinsa. In ya kai Dattijo bakin taga, sai ya tsaya ya ce “Salamu alaikum” da ƙarfi, ya ɗan saurara, kafin nan mai gadi ya iso da tocila. Bilyaminu ya ce wa talabijin ai ba a sallama a nan, ɓoyewa ake yi. Mainasara ya ce wa talabijin ɗin shi bai ga dalilin da zai sa mutum mai furfura ya faɗa ɗakin mutane kamar ɓera ba. Kuɗin da ke zube kan tebura bai taɓa bari Dattijo ya ɗauka ba. Shaƙe mai gadi ta baya kuwa, ya ce wannan aikin matsorata ne, mutumin yana neman abincin iyalinsa.

Masu gadin ma sun ɗaure masa kai. Za su hango Dattijo ƙiri-ƙiri, su bi shi da gudu, ya shige ƙarƙashin tebur, su ɗan leƙa nan su leƙa can, sannan su koma bakin aikinsu kamar ba a yi ba.

“Wanga ko gadin rudu ban ba shi,” in ji shi. “Ya ga mutum da idonai, ya mance?”

In kuma suka kashe Dattijo, sai allon ya yi duhu, can sai ga shi ya dawo gindin katanga garau. Karon farko Mainasara ya ajiye madannin ya yi a'uziyya. Bilyaminu ya yi bayani cewa baya aka mayar da shi, inda ya tsaya ɗazu. Ya gyaɗa kai, ba don ya gane ba. Abin da ya fi damunsa shi ne lokacin salla. In aka tsayar da wasan Dattijo na tsugune a bayan akwati, sai ya ji masa ciwon gwiwa. Don haka ya nemo wata rumfa a bakin kasuwar birnin, mai benci, inda masu gadi ba sa zuwa. Duk lokacin da za a kashe na'ura, sai ya lallaɓa ya kai Dattijo can ya zaunar da shi, Mai igiya na tsaye a gefensa, sannan ya yarda a kashe.

Haka bazara ta yi nisa. Bai wuce unguwa biyu a birnin ba, amma kullum in Bilyaminu ya dawo daga fadama da la'asar yakan zauna bakin katifar, su yi ta yi wa talabijin magana. Mainasara yana jin daɗin zaman nan fiye da yadda zai iya faɗa. Maganar gandu kuwa ya tura ta can ƙarƙashin katifa, yana fatan in ba a taɓa ta ba za ta mutu da kanta.

Sai Halliru ya aiko a mayar masa da faifansa, samari na nema. A madadinsa Bilyaminu ya kawo wani. Aka zura, sai ga birnin nan dai, ga ruwan sama, ga masu gadi da tocilarsu. Amma wanda ke tsaye a tsakiyar allo ba Dattijo ba ne. Mai igiya ne, igiyar a naɗe a kafaɗarsa, shi kaɗai.

“Na ukku na?” in ji Mainasara.

“A'a, ba na ukku ba na.”

“To na biyun na?”

“Ba shi ba na. Daga jikinai anka hidda shi, amma zaman kainai shikai.”

Mainasara ya yi kasaƙe. Abu ba na biyu ba, ba na uku ba, to a ina za a tsayar da shi a sahu? Ya ɗauki madanni ya juya Mai igiya, ya bar inda wasan ke nuna masa ya je, ya nufi kasuwa. Hanyar tana nan. Rumfar tana nan, bencin ma yana nan, ruwa na ɗiga daga bakin kwano. Ba kowa a kai.

Ya daɗe yana kallon bencin. Ya zaga bayan rumfar, ya leƙa lungu, ya dawo.

“Nan nib bar shi,” ya ce, muryarsa ta sauya. “A amso wancan hwaihwan a sa su tare, shi samu shi hito.”

“Ba a sa su tare, Baba. Wanga ko babu na biyu shina tashi.”

“To wa ka riƙe mishi igiya?”

“Shi ka ɗaure ta da kainai.”

 Tambayar da Mainasara yake tsoro ita ce ta rage.

“Dattijon mutuwa yay yi?”

“Bai mutu ba. Shina nan ga nashi hwaihwai, lahiya lau.”

“Hwaɗa sunka yi?”

“Ba su yi ba.”

“Bai mutu ba, ba su yi hwaɗa ba, kuma yaro ya tashi shi ɗai?”

“I, Baba,” in ji Bilyaminu a hankali. Ya miƙe ya ce za shi ya duba shanu, alhali an riga an ba su harawa.

Ran nan Mainasara bai taɓa tuwonsa ba. Washegari ya tare Gajere da maganar, ya zana masa a ƙasa da yatsa: ga na biyu, ga inda na uku ya kamata ya zauna, ga wannan a gefe, birni ɗaya, masu gadi ɗaya, amma kowa da faifansa. Gajere, wanda bai taɓa riƙe madanni ba, ya ce wataƙila agola ne. Mainasara ya ce agola ai da uwarsa yake zuwa, wannan kuwa daga cikin gidan ya fito. Ya sa aka buga wa Halliru waya ya tambaye shi ko an yi kuskure wajen buga faifan an manta da Dattijo. Halliru ya ce ba kuskure, haka masu abin suka yi shi. Ya tambayi mai shayi da ya zo dubiya, ya tambayi maɗori ranar da ya zo kwance karare. Kowa ya ba shi amsar da ta ƙara dagula masa lissafi.

Ya ci gaba da wasan ba don daɗi ba, sai don ya ga inda yaron zai kasa. Bai kasa ba. Yana jefa igiya ta maƙale, ya hau, ya janye abarsa. A wani wuri ma, kafin ya tsallaka katanga, sai ya durƙusa ya taɓa ƙasa da tafin hannu kamar yadda Dattijo ke yi. Mainasara ya ga wannan, ya ajiye madannin a kan cinyarsa. Ya ji alfahari da yaron, ya kuma ji kamar an zare masa wani abu daga ƙirji, kuma ya rasa wanne ne gaskiya a ciki.

Kaltume ce ta gaji. Ta shigo ɗaukar kwano ta same shi ya sake kai Mai igiya rumfar nan yana kallon benci.

“Malam, garin ga dut an gane, kai ɗai ka rage. Hannunka mai sanda ɗanka ka yi maka. Leƙa tsakar gida ka gani.”

Ya ja jiki zuwa ƙofar ciki ya leƙa. Mubaraka ce zaune kan tabarma tana ninke kayan mijinta, tana jerawa cikin sabuwar jaka mai zif, tana share ido da gefen mayafi. Ya ɗaga kai. Gabas ta haɗa hadari, irin wanda in bai zubo yau ba ba zai wuce jibi ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko da yana faɗowa daga rudu.

Ba za a ce ya gane ba. Har yau in ka tambaye shi yadda abu zai fito daga jikin wani ya tsaya da ƙafarsa alhali wancan na raye, zai ce maka shi dai ya gani a talabijin. Amma da sassafe ya sa aka kira Gajere, ya ce a tayar da babur. Bilyaminu ne ya tuƙa, uban a baya da sanda a kan cinya, bai san inda zai sa hannunsa ba, don bai taɓa riƙe yaron ba tun yana cikin zanen goyo. Da suka faɗa wani rami dole ya kama kafaɗarsa, kuma bai saki ba har suka isa.

A gonar tudu ya sauka, ya dogara sanda, ya ɗingisa har tsakiya. Ya sa Gajere, wanda ya biyo bayansu, ya tono gindin ciyawar gamba daga tsohuwar iyaka. Da hannunsa ya haƙa rami ya dasa, ya danne da ƙafar mai lafiya. Ya nuna gabas da sandarsa, har zuwa fadamar da ke bakin ruwa, wadda kowa ya san ita ce idon gandun.

“Gajere,” ya ce, yana kallon gambar, “hwaɗa ma Mai igiya daga nan zuwa ruwa nashi na. Ka ce mishi Dattijo bai mutu ba, kuma ba a yi hwaɗa ba. Allah shi yi albarka.”

Gajere bai maimaita ba, don ba a bukata. Bilyaminu ya durƙusa a wurin. Daga ranar sunan ya bi shi, yanzu har yaran Magarya Mai igiya suke ce masa, kuma uban ya samu abin da zai kira ɗansa da shi ba tare da ya karya kunya ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, kowa a tasa. Bayan an yi noman fari Bilyaminu ya ja katanga ta raba sashensa da tsakar gidan, ya fasa ƙofa ta waje, Mubaraka ta kafa murhunta. Na'urar ta koma Wurno. Mainasara ya aika a faɗa wa Halliru duk wanda ya buga na biyun, in zai tashi ya taimaka ya mayar da Dattijo kan bencinsa. Halliru ya ce to, ya yi dariya bayan ɗan aiken ya tafi.

Wata safiya Mainasara ya ga ƙwaron gizo-gizo ya fara kama waken da ke gefen iyaka, ya ce bari ya faɗa wa yaron. Ya nufi sashensu kamar kullum, sai ya ci karo da katanga. Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara gani. Ya fita ta zaure, ya zaga, ya zo sabuwar ƙofar. Ɗakin da ke bayanta shi ya kwaɓa ƙasarsa, shi ya ɗora azararsa. Ya buɗe baki ya fara sallamar tasa mai tafiya da ƙafa, ƙafar mai ciwo har ta ɗaga za ta shiga, sai ya mayar da ita.

“Salamu alaikum,” ya sake cewa, a tsaye.

Tsintsiyar Mubaraka ta tsaya. Gidan ya yi tsit, don ba wanda ya san yadda ake amsa wannan. Can sai muryar Bilyaminu ta fito daga ciki.

“Wa alaikumus salam. Baba, ai gidanka na.”

“Gidanka na,” in ji Mainasara, idonsa ya ciko. Ya gyara riƙon sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira a ce masa ya shigo.